Baƙuwar da Malam Lawali ya rena a bayan dutse

Bana shekara goma sha uku ke nan da rasuwar maigidana, Malam Lawali, Allah ya jiƙansa da rahama. Ya cika a ƙarshen ɗari, wata Talata da hantsi, a gidanmu da ke cikin Birni a nan Damagaram. Duk zamanmu ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, yau ga shi na rubuta shi a jarida kowa zai karanta. Na san da yana nan sai ya dube ni ta saman tabarau. Waɗanda suka yi aiki da shi sun sha faɗin kirkinsa, kuma gaskiya suka faɗa. Ni abin da nake so in ba da labari shi ne wata bishiya da ta zauna da mu shekara goma sha tara, wadda har yau ban gama sanin abin da ke tsakaninta da shi ba.

Malam ɗan manoma ne daga Zarmu. Lakwal, wato makarantar boko, ta ɗauke shi daga gona ta mai da shi ma'aikacin gandun daji, ni kuma ina koyarwa a lakwal ɗin 'yan mata lokacin da aka ɗaura mana aure. Aikinsa renon dashe ne da yawon ƙauyuka yana hana saran itace, aikin da ba ya jawo wa mutum masoya. Ba shi da yawan magana. Idan ya dawo daga daji sai ya wanke ƙafa, ya sha ruwa, ya tambayi 'yarmu Nana abin da aka koya mata, shi ke nan.

Wata shekara sarwis ɗinsu na gandun daji ya tura shi sitaji, wato ƙaro ilimi, na wata uku a tsaunukan arewacin Maroko. Ya dawo a rame, da rigar sanyi mai kauri da wani gwangwanin shayi da ya naɗe da tsumma. Na ɗauka tsaraba ce. Da ya buɗe sai na ga ƙasa baƙa cikin tafin hannu biyu, da wasu 'yan ƙwayoyi masu fiffike guda kamar na gina, suna ƙamshin ƙaro mai hawa kai. Ya ce irin wata bishiya ce da Faransawa ke kira sapan, ba ta da suna a Hausa domin Bahaushe bai taɓa zama a inuwarta ba. A can ma, ya ce, ba ko'ina take ba, sai can ƙololuwa inda hazo ke sauka kullum, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa wata da watanni. Tana miƙewa sak kamar hasumiya. Ganyenta gajeru ne masu tauri kamar allura, kowanne da farin layi a jikinsa, kuma ba ta kaɗe su rani ko damina. 'Ya'yanta ba sa rataya kamar na kuka ko tsamiya, tsaye suke a kan rassan can sama kamar guntun zangarniyar gero. Ba sa faɗowa ƙasa. A nan sama suke nuna su warwatse ɓawo bayan ɓawo, iska ta tafi da irin, a bar tsinke tsirara a tsaye.

Na ce, "To Malam, me za ka yi da shi a garin da ko dogon yaro sai an yi da gaske?"

Ya ce, "Ba zai yi ba, Habsu. Na san ba zai yi ba. So nake in gani da idona."

Ashe irin ba ya tsirowa sai ya sha sanyi. Dole a binne shi cikin jiƙaƙƙen yashi ya yi makonni a wuri mai sanyin ƙanƙara, har ya ɗauka ɗari ya zo ya wuce, sannan ya farka. Kuma ba ya ajiyuwa, in ya shekara ya mutu. Mu ba mu da firigo, wato firji, a lokacin. Maƙwabciyarmu Hajiya Fanna, mai sayar da ƙanƙara da lamurje, ita ke da shi, sai Malam ya sa na roƙe ta. Ta karɓa ba ta tambaya ba. Bayan mako biyar ta shigo da kanta, gwangwanin a cikin ƙwarya, ba ta yarda ta riƙe shi da hannu ba.

Ta ce, "Madam, ki mayar wa maigidanki kayansa. Na buɗe jiya. Abin ya fito da farin baki yana motsa yashi, a cikin ƙanƙara. Ni duk shukar da na sani rana take nema. Wannan ban san ko mene ne ba, kuma ba na son sa kusa da abin da yara ke sha."

Na yi dariya a ranar. Daga baya na daina.

Guda bakwai suka tsiro, kowace da 'yan ganye a baje kamar yatsun hannu. Wanda ya san Birni ya san yadda gidajenmu ke jingine da duwatsu. A bayan ɗakin girkinmu akwai wani lungu tsakanin katanga da ƙaton dutse, wurin da rana ba ta leƙawa sai ɗan lokaci da safe. Nan Malam ya kai su. Ya gauraya ƙasar tsaunin da tamu, ya ce akwai wani farin zare mai kama da funfuna a cikinta wanda saiwar ba ta iya cin abinci sai da shi. Ya sa kowace tukunya cikin randa, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rataya buhunan algarara yana jiƙa su sau uku a yini, ya ɗora zana a sama. Bazarar farko ta kashe shida cikin mako biyu. Ɗaya ta ƙi mutuwa. Nana ce ta sa mata suna Baƙuwa, sunan ya bi ta.

Shi kansa Malam abin ya ɗaure masa kai. Ya sha gaya mini cewa bisa duk abin da aka koya masa bai kamata ta ga damina ta biyu ba. Amma ta gani, ta ga ta uku, ta ga ta goma. Girmanta kuwa sai mai haƙuri zai lura. A shekara takan ƙara abin da bai wuce faɗin yatsa ba, ta fitar da hawa ɗaya na rassa kewaye da jikinta, ta tsaya. Idan ɗari ya shiga sai ya riƙa sayen ƙanƙara yana jera mata a bakin randa kwana arba'in, wai don ta san shekara ta juyo, in ba haka ba ba za ta yi toho ba. Mata a gidan suna da biki suna tambayata a kaikaice ko me Malam ke kiwo a bayan dutse. Ina ce musu itace ne. Sai su ce uhum.

Ban ga laifinsu sosai ba, domin ni ma da ke gidan ban saki jiki da lungun ba. Inuwa ce mafi sanyi a duk gidan, amma akuyarmu ba ta taɓa kwanciya a can ba. Ƙadangaru cike suke da katangarmu, a wannan kusurwa ba ka ganin ko ɗaya. Malam ya ce ƙamshin ƙaron ne ke korar su. Wataƙila haka ne.

Sai da muka yi shekaru kafin ya gaya mini abin da ya sa ya ɗebo irin. Muna zaune bayan la'asar ina tsince shinkafa. Ya ce wata rana a can tsaunin hazo ya rufe su, shi da wani tsoho mai gadin dajin, har ba ka ganin wanda ke gabanka. Suka tsaya a ƙarƙashin manyan itatuwan suna jiran ya washe. Babu kukan tsuntsu, babu iska, sai ɗigon ruwa daga rassa. Da ya dubi ƙasa sai ya ga kewaye da su duk ƙanana ne, ɗaruruwa, ba wadda ta wuce gwiwa. Ya ce wa tsohon bana an yi tsiro da yawa. Tsohon ya tsuguna ya yanke wata da ta bushe, ya nuna masa zoben shekarun da ke cikin karan, sirara kamar gashi. Suka ƙirga har arba'in. Tsohon ya ce haka suke zama a cikin duhu, ba su girma ba su mutu ba, sai ranar da babbar da ke kansu ta faɗi haske ya shigo, sannan su tashi.

Malam ya ce, "Habsu, na tsaya a tsakiyarsu na ji kamar na shigo ɗakin da aka cika da mutane kowa ya yi shiru. Duk sama suke kallo. Tun daga ranar ban daina jin sanyin wurin a bayana ba."

Daga ranar, idan na wuce bakin lungun ɗauke da tukunya, nakan ƙara sauri.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai Nana. Duk ɗan Damagaram ya san wahalar ruwa, amma akwai wata bazara da ta fi sauran, shekara ta goma sha ɗaya da zuwan Baƙuwa. Famfo ya yi makonni bai ɗiga ba. Sai a yini ana layi a samo bido biyu, wato jarka biyu. Nana tana gida wankan jego da jaririnta na fari, kuma kowa ya san ruwan da jego ke ci. Wata safiya na fito na iske Malam ya juye rabin bidon da na ɓoye don wankanta a kan buhunan nan. Na yi masa maganar da ban taɓa yi masa ba. Na ce ya zaɓa tsakanin jikansa da itacen da ba ya ba da inuwa, ba ya ba da 'ya'ya, ko akuya ba ta ci. Ya sa hularsa ya tafi garin Guna wajen aiki.

Da rana ta take, gida ya yi tsit, na shiga lungun da niyyar tumɓuke ta. Ban taɓa tsayawa a gabanta ni kaɗai ba sai ranar. A waje ƙasa na ƙona tafin ƙafa, a ciki kuwa sanyi ya kama ni daga idon sawu zuwa gwiwa kamar na taka cikin rafi. Hayaniyar unguwa ta ɗauke. Ko dakan da ake yi a gidan Hajiya Fanna na daina ji. Ga ta nan, tsawonta bai kai gwiwata ba, kore shar a tsakiyar garin da komai ya ƙone. Na kai hannu gindinta, sai na ji a jikina akwai wanda ke tsaye a bayana, ba ya hana ni, ba ya sa ni, jira kawai yake. Na waiga, babu kowa sai dutse. Na kasa tumɓukewa. Amma fushin bai sake ni ba, sai na kama kan nata, wannan tsinke ɗaya da ke miƙe sama, na karya. Ƙaro ya fito fari ya manne mini a yatsu. Na wanke da sabulu, na goge da toka, na shafa man gyaɗa, ƙamshin ya ƙi fita.

Da magariba na kai wa Malam tuwo. Da na miƙa masa ruwan wanke hannu sai na ga ya tsaya, hancinsa ya buɗe. Ya dubi hannuna, ya dubi fuskata. Ya wanke hannu ya ci abincinsa. Daga ranar bai sake taɓa ruwan gida ba. Kullum sai ya ɗaura bido a bayan babur ya je wata rijiya mai nisa a hanyar Mirya ya ɗebo mata nata, ga shi shekaru sun fara hawa kansa. Bayan shekara biyu ya kira ni bakin lungun ya nuna mini wani reshe na gefe da ya lanƙwasa ya miƙe sama ya zama sabon kai.

Ya ce, "Kin gani? Haka suke yi in iska ta karya su."

Na ce, "Iska ce?"

Ya ce, "Haka na rubuta a kaye." Littafin da yake rubuta girmanta yake nufi.

Har ya bar duniya bai ƙara tayar da maganar ba, ni kuma ban sami bakin neman gafara ba. Ina ta cewa sai gobe.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da jin sanyi. Likita ya ce jininsa ne ya yi ƙasa, aka yi ta magani. Mutum na zufa shi yana cikin rigar nan da ya zo da ita daga tsauni. Ɗarinsa na ƙarshe bai iya tashi ba, sai ya roƙe ni in jera wa Baƙuwa ƙanƙararta. Na yi, kwana arba'in cif, ina shiga da addu'a ina fita da sauri. Kwana tara bayan na gama ya cika.

Ranar jana'iza mutane suka yi yawa, inuwa ta yi kaɗan. Wasu daga cikin danginsa na Zarmu suka zagaya bayan gida suka cire zanar da ke kan lungun suka kafa rumfa a ƙofar gida. Ba su san amfaninta ba. Ni na sani. Na ga wurin a buɗe tun kwana na uku, kuma ba zan yi ƙarya ba, ban ce a mayar ba. Ina cikin takaba, ba fita, ba aiki, sai zaman ɗaki da tsakar gida. Ruwa dai ina zuba mata, domin na ji kunyar barin ta da ƙishi.

Wajen kwana ashirin na shiga da buta na tsaya cik. Kan nata ya fashe. Wani toho mai laushi, kore mai haske kamar ganyen latas, ya fito ya yi tsawon yatsa. Bayan kwana uku ya ninka. Kafin sadakar arba'in ya wuce taƙi guda, kowane reshe kuma ya fitar da nasa. Abin da ba ta yi ba a shekara bakwai ta yi shi a wata ɗaya, kuma watan da aka binne shi. Ranar da na fara ganin tohon na ajiye butar na koma ɗaki. Labarin tsohon nan na tsauni ya dawo mini kalma bayan kalma. Kwana biyu ban iya cin abinci ba.

Ranar arba'in Malam Kyari ya zo, abokin aikinsa tun suna samari. Na sa Nana ta kai shi ya gani, ni ina daga bakin ƙofar ɗaki. Ya daɗe a can. Da ya fito ya ce, "Madam, ki kwantar da hankalinki. Haske ne. An cire zana, rana ta samu shiga, ita kuma a kan haka aka halicce ta. Ba komai ba ne."

Na ce, "Malam Kyari, ka tabbata?"

Ya juya hularsa a hannu. Ya ce, "Abin da littafi ya ce ke nan. Amma littafin ya ce tun shekarar farko ta mutu."

Ya sa aka mayar da zanar a ranar. Sai dai an makara, ko kuma dama lokacinta ne. Bazara ta shigo da ƙarfinta, sabon tohon ya lanƙwashe, ya yi ja daga sama yana gangarowa, cikin kwana takwas ta zama ja wur har gindi. Ko ganye ɗaya bai faɗi ba. Haka ta tsaya a bushe da kamanninta duka har na fita takaba, ranar da aka yi ruwan farko. Malam Kyari ya zo ya ɗauke ta, ban tambaye shi inda ya kai ta ba.

Nakan yi tunanin abin da Malam zai ce da ya ga yau. Yanzu ko mai shagon bakin titi yana da firigo mai aiki da hasken rana, ba sai an roƙi maƙwabta ba. Jikana, wanda aka yi rigimar ruwan wankan jegonsa, ya zama saurayi, ya nuna mini tsaunukan nan a waya. Na ga itatuwan yadda Malam ya kwatanta su, na kuma karanta cewa zafi da gobara da awaki na matsa musu, suna ta ja da baya zuwa sama, kuma tsauni yana da iyaka. Ina jin wannan zai fi komai tayar masa da hankali. Zafin garinmu ma ya ƙaru, ko jikina ne ya tsufa. Amma zai ji daɗin ganin yadda manoma yanzu ke barin tohon itace a gonakinsu da kansu, ba tare da mai kaki ya tsaya musu a kai ba.

Na daɗe ina ganin kamar ƙarfinsa ya tafi a banza, shekara goma sha tara a kan abin da ya ƙare a kwana takwas. Sai bara bayan girbi wani mutum ya yi sallama a ƙofar gida, wanda furfura ta fara fito masa, da buhun gero a kan amalanke. Ya ce daga Dakusa yake, ya yi ta tambaya kafin a nuna masa gidan. Wai shekarun baya, yana sabon magidanci, ya ɗauki gatari zai share 'yan gawon da suka tsiro a gonar da ya gada, sai ga Malam a kan babur. Ya ɗauka kama shi zai yi. Malam ya sauka ya zauna a ƙasa, suka yi ta gardama tun azahar har la'asar, ya bar guda goma sha biyu don dai a rabu lafiya. Yau, ya ce, gawon sun zama manya, gero a ƙarƙashinsu ya fi na ko'ina, dabbobinsa na cin 'ya'yan da rani, kuma a shekarun da maƙwabtansa suka tafi ci-rani shi bai tafi ba. Sai kwanan nan ya ji Malam ya rasu.

Na tambaye shi me Malam ya gaya masa har ya ajiye gatarin.

Ya ce, "Hajiya, yawanci na manta. Abu ɗaya na riƙe. Ya ce mini yana da wata a gida da yake yi wa bauta dare da rana, ba ta taɓa yarda da ƙasar nan ba, kuma ya san ba za ta yarda ba, har ta sa ya ɓata wa iyalinsa rai. Ya ce ni ga waɗanda suka zo da kansu suna so su zauna da ni, zan sa musu gatari. Ni a lokacin na ɗauka mace yake nufi."

Na shiga ciki na kawo masa ruwa da fura. Na zauna daga bakin zaure har ya gama sha. Geron nan na raba shi sadaka gida-gida a unguwa, na bar tiya ɗaya, na daka da hannuna na yi tuwo na ci.

Allah ya jiƙan Malam Lawali, ya sanyaya makwancinsa, ya yafe masa, ya yafe mini.